Gidan Zanzaro a Cikin Shato

Ran Talata da hantsi ruwa ya sake ƙarewa a lambun matan Angwal Kalgo, wani ƙauye da ke bayan Kiéché. Robine, kan famfon lambun, ya yi tari sau biyu kamar tsohon da ya shaƙi taba, ya tofar da ɗan guntun ruwa, ya yi shiru. Rabin komayen albasa sun sha, rabi suna kallon sama.

Abin da ya tada hankali shi ne mesaj. Akwai wani ɗan akwati a gindin shato, wato tankin ruwan lambun, shi ke tada famfo in rana ta hito, shi ke kashe shi in shato ya cika, kuma kullum da la'asar sai ya aiko wa Jibo, shugaban komite, da saƙo a waya: shato ya cika. Sati ukku ke nan saƙo na cewa ya cika, safiya na cewa ƙarya ne.

"To tsakanin la'asar da asuba wa ke shanye rabin shato?" in ji Jibo, shina ɗaga waya sama kamar mai rantsuwa. "Doguwa?"

Idanu duk sunka juya wurin Ladidi. Ita ce mai riƙon makullin lambu, shekara shidda shina rataye a wuyanta da zaren lilo. Tun satin da ya wuce ake raɗa cewa tana buɗe wa Nazifi mai bulo ƙofa shina cika tano-tanonsa, manyan gangunan ruwa. Jibo ya yanke magana: ran Juma'a bayan masallaci, in ba a ga ɓarawo ba, Ladidi ta aje makulli, komayenta huɗu kuma a raba wa waɗanda albasarsu ta mutu. Komayen nan su ne miyar gidanta.

Ladidi ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ku aika garin Sukukutane a kira mini wannan tsohon banzan."

Tsohon banzan shi ne Maikano mai bin sawu, taubashinta. Mutum ne da zai dubi ƙasa ya gaya maka akuyar da ta wuce gurguwa ce, tana da ciki, kuma ranta a ɓace. Washegari ya sauko daga kabu-kabu, ya miƙe ƙugu, ya dube ta sama da ƙasa.

"Ladidi, ashe har kin girma kin kai sata? Barka."

"Allah wadan wanda ya ɗauko ka. Ka ci abinci?"

"In na ci na gidan ɓarauniya, shaidata ta ɓaci."

"To zauna da yunwa."

Ya ci. Har ya nemi ƙari.

* * *

Ya hana kowa shiga lambu, ya zagaya shinge da sandarsa, Jibo na biye da shi shina ba shi shawarar da bai tambaya ba. A bayan shinge ta gabas ga sawun amalanke nan ɓaro-ɓaro, ya zo daf da wayar shingen.

"Ka gani ko!" in ji Jibo. "Amalanken Nazifi. Ni tun ranar na sani."

Maikano ya tsuguna. Ya auna zurhin taya da yatsa a nan, ya yi taku goma baya ya sake aunawa, ya yi taku goma gaba.

"Malam Jibo, in ka shiga gidan biki da ciki wayam ka hito, sawunka ɗaya ne?"

"Ban gane ba."

"Amalanken ga da nauyinsa ya zo, da nauyinsa ya wuce. Bai ƙaru a nan ba. Jakin ma bai tsaya ba, da ya tsaya da ya bar muna tsaraba."

Sunka bi sawun har wurin bugun bulo. Nazifi na cikin laka har gwiwa, ya ga taro ya ɗago da hushi.

"Baba, in zancen ruwa ne, daga tsohuwar rijiya nike ɗebowa. Ga igiya, ga hannuna, duk ya yi kanta."

"Mi ya kai ka jikin shinge?"

"Inuwa. Jakina ne ke son inuwar zogalen nan, ni kuwa ba ni gardama da shi, ya hi ni taurin kai."

Maikano ya leƙa tano, ya ɗebi ruwan ya shinshina. Ruwan rijiya ne, ja, da ƙanshin guga. Ya ce wa Jibo a bar yaron mutane ya yi bulonsa.

Sannan ya shiga lambu. Ƙasan gindin robine ya karanta ta kamar wasiƙa: sawun mata, sawun bokiti, sawun wata bushiya da ta zo shan ɗigo. Ba tiyo da anka ja, ba wurin da rabin shato ya zube, ba tsagewa a bututu. Ruwa mai yawa haka ko aljani ya ɗauka sai ya ɗiga.

Ya ɗaga kai ya dubi shato, ƙato, bisa ƙafafun ƙarfe huɗu.

"Wa ya taɓa hawa ya leƙa?"

"Mi za a leƙa?" in ji Jibo. "Ga mesaj."

"Mesaj na da ido?"

Ya tuɓe takalmi, ya soke riga, ya kama tsani. Ladidi ta dafe kai.

"Maikano, in ka faɗo ba ni da lokacin zaman makoki, albasa gare ni!"

"Riƙe mini sanda, ki yi shiru."

La'asar ta yi lokacin, kuma shina tsakiyar tsani wayar Jibo ta yi ƙara. "Ya cika!" Jibo ya yi kira daga ƙasa. Maikano ya ture murhi ya tura kai. Ruwa na can ƙasa, rabi, shina kallonsa. Sama ga tsohon layin kore inda ruwa ya saba tsayawa da. Tsakanin layin da ruwan kuwa, manne da bango, ga gidan zanzaro, ɗaki biyar, na laka, busasshe ƙamas, maigidan na shiga da hita abinsa.

Ya ɓanɓaro ɗaki ɗaya wanda ba kowa ciki, ya sauko da shi a aljihu.

* * *

Bai gaya wa Jibo komi ba. Ya jira har sunka rage su biyu da Ladidi a tsakar gidanta, tana tsinke zogale.

"Zanzaro ba ya gini inda ruwa ke zuwa," ya ce, ya aje lakar a gabanta. "Ɗaki biyar, aikin kwanaki ne. Ba a saci ruwanku ba, bai taɓa hawa ba. Akwatin ga ne ke kashe famfo a rabi shi ce ya cika. Wa ya taɓa shi sati ukku da sunka wuce?"

Ladidi ta ci gaba da tsinkar zogale.

"Ke nike tambaya."

"Ba kowa."

"Ladidi, tun muna ƴan yara in za ki yi ƙarya sai kin sosa kunne. Sauke hannun."

Ta sauke. Rumaisa'u ce, ɗiyar ƙanwarta marigayiya, wadda ita ta goya ta, ta kai ta lakwal, makarantar boko, da kuɗin albasa. Yanzu tana Dogon Dutsi, tana cikin masu rubuta porogaram ɗin akwatunan famfo. Ita ta zo ta sa wa akwatin sabon porogaram don saƙo shi riƙa zuwa da Hausa maimakon Faransanci.

"Ni na buɗe mata ƙofa," in ji Ladidi. "In na faɗi, gobe garin ga kaf za a ce ɗiyar Ladidi ta yi boko ta zo ta kashe muna albasa. Wa zai sake barin ɗiyarsa ta wuce aji shidda? Gara su karɓi makulli."

"Da komayen?"

"Zogale bai ƙare a duniya ba."

Maikano ya daɗe shina kallonta. "Kin ga abin da ya sa ban aure ki ba. Taurin kai, kamar jakin Nazifi."

"Kai ne dai anka ƙi."

* * *

Ran Alhamis ya hau taksi zuwa Dogon Dutsi. Biron nasu, wato ofishinsu, ɗaki ɗaya ne bayan kasuwa, ba nisa da gudoro, titin kwalta, da ɗan ƙaramin shato a tsakar gida wanda suke gwaji da shi. Ya tuɓe takalminsa na taya a bakin ƙofa, ya watsar da su yadda sunka ga dama, bayan wasu takalman mata masu ado.

Rumaisa'u ta yi tsalle ta tarbe shi. "Kawu! Akuyar wa ta ɓace a birni?"

"Ta uwarki."

Da ya gama ba ta labari, dariya ta bar fuskarta. Ba wanda ya gaya mata. Ta jawo ordinatar, kwamfutar aikinta, ta buɗe.

Abokin aikinta ya shigo da tire na shayi. Salman sunansa, magidanci mai gemu a gyare da wando bisa idon sawu, mutum mai ladabi har ya yi yawa. Ya durƙusa ya miƙa wa Maikano kofi da hannu biyu, ya aje na biyu gaban wata kujerar da ba kowa, sannan ya ba Rumaisa'u.

"Na wa ne wancan?" in ji Maikano.

"Na Mushe Munkaila, Baba. Malaminmu, haka muke kiran malamin lakwal, Mushe. Shina zuwa yanzu, ba a sha a gabansa."

"Ai bai zo ba."

"Kofinsa ya zo," in ji Salman, ya koma waje.

"Kawu, ban ga komi ba," in ji Rumaisa'u. "Bari in gwada maka. Porogaram ɗinmu ɗaya ne, amma shina aiki a garuruwa bakwai, kowane da irin shatonsa da irin akwatinsa. Ba mu sake rubuta shi kowane gari. Takardu biyu ne ke riƙe da shi. Ɗaya Mushe ya rubuta ta tun muna lakwal, ita ta san yadda ake tada famfo da kashe shi. Ɗaya tawa ce, ƴar ƙarama, aikinta kawai ta faɗi wane gari muke. Ta Angwal Kalgo layi ɗaya ce mai muhimmanci: shaton nan babba ne. Irin wannan layin muke kira makro."

"To?"

"Takardar Mushe tana tambaya: an ce mini babba ne? In an ce, in jira ruwa shi kai metir ukku. In ba a ce ba, in ɗauka irin na tsakar gidan ga ne, metir ɗaya da rabi. Ga tawa, ta ce babba. Ga ta Mushe, ko ɗigo ba a taɓa ba. Duka biyun lahiya lau suke, wallahi."

Maikano ya kurɓi shayi. Rubutun da ke jikin gilashin a wurinsa sawun kaji ne bayan an watsa tsaba. Amma ya san wani abu guda.

"Ɗiyata, in na iske sawun kura da sawun akuya wuri ɗaya, ba na tambaya ko sawun na gaskiya ne. Duka na gaskiya ne. Abin da nike nema, wanne ya taka wanne. In akuya ce bisa, ta wuce bayan kura, tana gida tana tuƙa. In kura ce bisa, a kai wa mai akuya gaisuwa. Takardun ga naku, wacce ke fara magana?"

"Tawa mana. Na'urar da ke haɗa su daga sama take karantawa zuwa ƙasa, sau ɗaya, ba ta waiwaye. Dole tawa ta..."

Ta tsaya. Ta buɗe wata takarda ta ukku, wadda ke kiran sauran biyun, wadda ba ta duba ba don ba ta taɓa ta ba. Layi biyu ne a kai. Ta Mushe a sama, tata a ƙasa.

"Innalillahi," ta ce a hankali. "Ta yi tambaya, ba wanda ya amsa, ta ɗauki ƙarami ta wuce. Sannan tawa ta zo tana cewa babba ne, ba mai saurare. Kuma da munka gwada a nan ya yi daidai, don shatonmu ƙarami ne." Ta kai hannu. "Bari in ga wa ya juya su, na'ura na riƙe suna."

"Bar shi. Na gan shi."

"Ina?"

Ya nuna ƙofa da leɓe. Takalminsa na taya, da ya watsar, an kakkaɓe su, an jera su gaba. Nata masu ado an maida su baya.

"Gobe ku zo ku ukku," ya ce. "Har da mai kofi."

* * *

Ran Juma'a bayan masallaci gari ya taru ƙarƙashin gawon bakin lambu. Nazifi ya zo da lakarsa, wai kada a yanke masa hukunci a bayan ido. Rumaisa'u ta zauna jikin Ladidi. Mushe Munkaila, dogo, furfura, da tabarau ɗaure da zare, an ba shi kujera, Salman na tsaye bayansa riƙe da jakarsa.

Jibo ya yi gyaran murya. "To, Maikano, ina ɓarawo?"

Maikano ya ɗaga lakar zanzaro, ya faɗi inda ya samo ta, ya ce duk mai shakka ga tsani. Matasa biyu sunka hau sunka sauko suna rantsuwa. Nazifi ya ce a rubuta a aje, jakinsa na jiran ban haƙuri.

"Ke nan akwati ke ƙarya," in ji Jibo. "Wa ya koya masa?"

Ladidi ta yi wuf. "Ni ce na..."

"Zauna, ɓarauniyar zogale." Maikano ya juya. "Malam Jibo, a ce kai baƙo ne, ka zo da guga da igiya. Nawa za ka warware?"

"Sai an gaya mini zurhin rijiya."

"In ba wanda ya gaya maka?"

"Sai in warware irin na garinmu."

"In ka riga ka zura, ka jawo iska, sannan ɗan gari ya iso da gudu shina cewa rijiyarmu gaba ashirin ce?"

"Ya makara."

"To haka anka yi wa akwatinku. Ɗan gari ya kamata shi fara magana, wani ya maida shi baya ya sa babba gaba. Ba mugu ba ne. Mutum ne da ko takalmin tsoho ba ya iya gani a bayan na yaro."

Jakar Mushe ta faɗi ƙasa. Salman ya zagayo, ya durƙusa tsakiyar fili.

"Ni ne. Ranar da Mushe zai zo duba aikinmu na buɗe takardar, na ga sunan Rumaisa'u bisa nasa. Mutumin da ya koya muna riƙon alƙalami, a ƙasan ɗalibarsa? Na kasa. Layi biyu ne kawai na juya, ban goge ko harafi ba. Na gwada, ya yi aiki." Ya juya wurin Ladidi. "Inna, ban san albasarku ce za ta biya ba. Ki yahe mini."

Wata tsohuwa ta ce, "Oh, ladabi ya kashe albasa," wasu sunka ƙyalƙyale, wasu sunka harare su.

Mushe Munkaila ya cire tabarau ya goge. "Salman, tashi. Shekara nawa ina gaya muku takardata makauniya ce, sai an riƙe mata sanda? Ka ɗauke ɗan jagora ka sa shi bayan makaho, wai girmamawa." Ya numfasa. "Amma rabin laihin nawa ne. Ni na koya mata in ba a gaya mata ba ta yi shiru ta ƙaddara. Yau zan ƙara mata layi: in ba ta ji wane gari take ba, ta ƙi motsi, ta yi ihu har a zo."

"Da ɗan gari akan ci gari," in ji Maikano. "Mu da ba mu yi lakwal ba mun daɗe da sani."

Jibo na ta juya wayarsa. Ya dubi Ladidi, ya dubi ƙasa. "Ladidi, bakinmu ya yi sauri."

"Bakinka dai. Kar ka raba wa mutane."

"Bakina. Makulli naki ne, komayenki naki ne."

"Da ma ban cire ba." Ta juya wurin Salman, wanda har yanzu gwiwarsa na ƙasa. "Kai kuma, mai ladabi. Komaye goma sha ɗaya sunka mutu a lambun ga. Ka iya dashe?"

"Zan koya, Inna."

"Asabar da Lahadi, da sassafe. Irin kuma kai za ka kawo. Kuma a lambuna ƙaramin dashe ake fara ba ruwa, ka ji? Kar in ga ka tsaya gaida babban zogale."

Rumaisa'u ta riga ta tsuguna gindin shato da ordinatarta. Ta kira Salman ta ce shi da ya juya, shi zai maida. Ya maida da yatsa ɗaya, kamar mai taɓa wuta. Famfo ya yi gurnani ya tashi.

Ba wanda ya tahi gida. Rana na sauka, mutane na zaune suna sauraron ruwa na hawa cikin ƙarfe. Maikano ya sake kama tsani, Ladidi na zaginsa daga ƙasa. Da ya tura kai, ruwa ya wuce inda ya saba tsayawa, shina lasar gindin gidan zanzaro, maigidan kuwa na ta zagaye shina masifa.

"Yi haƙuri, malam," ya ce masa. "Ka ba da shaida, amma haya ta ƙare."

Bai cika ba a ranar, rana ta riga ta yi ƙasa, kuma wayar Jibo ta yi shiru, karo na farko cikin sati ukku ba ta yi ƙarya ba. Sai washegari da la'asar ta yi ƙara. Jibo ya karanta, ya buɗe baki zai yi shela, ya ga Ladidi na kallonsa, hannu a ƙugu, makulli na lilo a wuyanta.

Ya sa wayar aljihu, ya tuɓe takalmi, ya kama tsani.